Keken Baba Ya Zama Mota

Litinin, 1 ga Satumba

Yau wata biyu cif da rasuwar Baba, Allah ya jiƙansa. Kekensa na nan a baranda inda ya bar shi, keken lantarkin nan mai taya huɗu da ya shekara biyar yana yawo a kai tun da ƙafafunsa suka daina ɗaukarsa. Na rufe shi da tsohon zanin gado, amma kullum sai na tarar an yaye. 'Yata ce, Kwandasta. In ta dawo daga makaranta ba ta kallon abinci, sai ta hau ta zauna ta riƙe kan keken. Ba kuka, ba magana. Yarinyar da a da sai na roƙe ta ta bar kunnena ya huta.

Da safe Maigida ya tsaya yana kallon keken, kofin shayi a hannu. Na san wannan kallon. Haka yake kallon mataccen firji kafin ya ce a kai masa shago. Sai ya ce, "Injin nan lafiyarsa ƙalau fa. Mota zan mai da shi, ta Kwandasta."

Na ce mota kamar yaya? Ya ce ta yara mana, mai ƙofa da fitila da hon, ta tuƙa abinta da kanta. Na ce shekararta shida. Ya ce ai ya sani, yana nan aka haife ta.

Ban yi dariya ba.

Talata, 2 ga Satumba

Na ce masa a'a. Ya ce to, irin to ɗin nan nasa da ba ta nufin komai.

Alhamis, 4 ga Satumba

Malamar ajinmu na manya ta ce abin da ya tokare wa mutum ƙirji ya rubuta shi, hannu ma zai saba. Sai da na kai talatin da biyar na iya rubuta sunana, shi ma don in riƙa karanta takardun magungunan Baba ne. Wannan littafin ma shi ya sayo mini. Ba mai buɗe shi sai ni.

To ga abin da ya tokare ni. Shekara tara na yi ina jira kafin in sami Kwandasta. Ta zo bakwaini, sati uku tana cikin kwalba a asibiti, ina leƙenta ta gilashi kamar ba tawa ba. Har yau in tana barcin rana sai na kai yatsa kusa da hancinta. Ban bar ta ta hau keken yara ba, ban bar ta ta hau lilo ba. Baba kaɗai ya fi ƙarfina, don ubana ne. Ya tsayar da ita a tsakanin gwiwoyinsa, su gangara su fita, su je kantin da ke ƙarshen layi. Ita ke danna hon, ita ke ihun "A ba mu hanya!" Shi ya sa mata Kwandasta, har sunan ya bi ta. Ni kuwa ina bakin ƙofa a tsaye sai sun dawo.

Yanzu ana so ta tafi ita kaɗai, ba gwiwar kowa.

Asabar, 6 ga Satumba

Ya fara. Na fito na tarar ya shimfiɗa buhu a tsakar gida, ya jera sufana da sukundireba, ya ciro kujerar Baba ya jingine ta da bango. Da na ga kujerar nan a ƙasa, da lotsawar jikinsa a soson, sai na koma ɗaki na ɗan jima.

A aljihun bayan kujerar muka sami tsohon tabaransa, da alewa uku da suka narke suka manne da takarda.

Kwandasta ta tsuguna kusa da ubanta tana kallo. Can sai ya ce, "Wa zai miƙo mini mai lamba goma?" Ta duba, ta duba, ta miƙa masa. Sai na ji ta ce, "Abba, kada ka cire hon ɗin." Ya ce ba zai cire ba. Ta ce, "Kaka ya ce hon ɗin nawa ne."

Maganar da ta fi kowace tsawo ke nan tun rasuwar Baba. Maigida ya ɗago ya kalle ni, ni kuma na kalli tukunya. Ban sake cewa a'a ba, ban kuma ce e ba.

Laraba, 10 ga Satumba

Ya kai gindin keken wurin abokinsa mai walda. Da ƙofofin tsofaffin firji za su yi jikin motar, ya ce yana da su jibge a bayan shago. Na bi shi da rana wai na kai masa abinci. Ƙarya nake, gani na je yi.

Na shafa kowane baki na ƙarfen da tafin hannuna. Wuri biyu ya karce ni, na nuna musu. Mai walda ya ce, "Oga, ashe da insifeto ka zo." Maigida ya ce, "Ai a gida ma haka nake fama." Suka yi ta dariya, amma dai sun goge wurin, sun lanƙwasa bakin ya koma ciki, sun bi shi da roba.

Tun daga nan ba ni da suna sai Insifeto.

Lahadi, 14 ga Satumba

Yau ya zaunar da ni ya yi mini bayani dalla-dalla, wai don hankalina ya kwanta. Bari in rubuta kada in manta.

Ya sa sitiyari ƙarami, amma totur ɗin na Baba ne, wanda ake matsawa da hannu. In ta matsa, mota ta tafi. In ta saki, birki ya kama da kansa, ko a kan gangare ne. Ya ce haka ake ƙera irin waɗannan kekunan saboda tsofaffi, ba a neman birki, sakin hannu shi ne birkin. Akwai kuma abin murɗawa na gudu, gefe ɗaya hoton kunkuru, ɗaya gefen zomo. Na ce ya murɗa shi can ƙarshen kunkuru. Ya murɗa. Na ce ya sa bel na ɗaure ta a kujera. Ya ce zai sa. Na ce ya sassauta tsinin gaban. Ya ce, "Insifeto, sai ki rubuto mini a takarda, tunda yanzu kin zama 'yar boko."

Na kuwa rubuta masa, abu bakwai. Ya ninke ya sa a aljihu, yana murmushi.

A baya, kusa da taya, akwai wani ɗan ƙarfe rawaya. Shi kam na riga Maigida saninsa. Ran da batir ya ƙare wa Baba a gaban kemis, shi ya ce in ɗaga shi sama, na turo shi har gida ina haki, yana ta yi mini tsiya wai jakinsa ba shi da ƙarfi. In ƙarfen yana sama, ko an murɗa mukulli keken ba ya tashi, sai dai ya yi ta ƙara, ƙit ƙit ƙit. Maigida ya ce zai rufe wurin da murfi, ya zama but, ma'ajiyar kaya ta bayan mota.

Mukullin kuwa yana wuyan Kwandasta. Tun ran da aka fita da Baba ta zura shi a zare ta rataya. Ko wanka ba ta cire shi.

Alhamis, 18 ga Satumba

An yi fenti. Ja ta zaɓa. Na so shuɗi, ja yana tuna mini da jini, amma ban faɗa ba.

Maƙwabciyata mai ɗinki ta yanka sabon soso ta lulluɓe shi da tsohuwar rigar Baba mai ratsi. Ni na ba ta rigar. Da ta kawo, Kwandasta ta kifa fuskarta a kai ta daɗe, ta ɗago ta ce, "Umma, ƙamshin Kaka."

Asabar, 20 ga Satumba

Ta tuƙa.

A tsakar gida, ƙofa a rufe, ni na rufe ta da hannuna na sa sakata. Maigida ya tsuguna ya riƙe fuskarta ya ce, "Faɗa mini, in kin ji tsoro me za ki yi?" Ta ce, "In saki hannu." Ya ce, "Sai me?" Ta ce, "Sai ta tsaya." Sau uku ya sa ta maimaita.

Motar ba ta fi tafiyar tsohuwa sauri ba, amma ni na bi ta a baya ina riƙe da murfin but, a sunkuye, har bayana ya ƙage. Ta zagaya igiyar shanya, ta zagaya randa, ta danna hon, ta ce, "Umma, a ba mu hanya!" Ta yi dariya har da ƙyaƙyatawa. Maigida ya juya baya wai yana neman sufana. Na ga yana goge ido da hannun riga.

Na ji daɗi, wallahi na ji daɗi. Amma sau biyu na tashi na duba sakatar ƙofa kafin in zauna rubutun nan.

Litinin, 22 ga Satumba

Ga inda matsalar take. Soket ɗin caji yana baranda, don haka can motar ke kwana. Daga baranda akwai gangaren simintin da aka yi wa Baba, ya miƙe har bakin ƙofa. Bayan ƙofa layi ne, layin kuma ya sauka zuwa babban titi inda manyan motoci ke wucewa.

Tana dawowa daga makaranta ƙarfe ɗaya, ubanta ba ya dawowa sai biyar. Yau ina wanki na ji hon, na fito da kumfa a hannu na tarar ta sauko gangaren ita kaɗai, tana cewa za ta je kanti. Na daka mata tsawa. Na ce ta ba ni mukullin. Ta damƙe shi da hannu biyu ta kalle ni, wani irin kallo, sai na kasa.

Na gaya wa Maigida. Ya ce, "Ai ta sauko lafiya ko? Ta iya ke nan." Shi komai lafiya.

Talata, 23 ga Satumba

Na sami dabara. Bayan sun fita da safe na buɗe but na ɗaga ƙarfen nan rawaya. Da ta dawo ta hau ta murɗa mukulli, sai ƙit ƙit ƙit. Na ce mata motar ta gaji ne, sai Abba ya dawo. Ta zauna a ciki tana jira. Ƙarfe huɗu da rabi na aike ta ɗaki ta ɗauko mini tsintsiya, na mai da shi ƙasa. Da ya dawo motar ta tashi lafiya lau. Ta ce masa, "Abba, kai kaɗai take so." Ya yi dariya, bai gane komai ba.

Ban cuci kowa ba. Kare ta nake yi.

Alhamis, 25 ga Satumba

Kwana uku ke nan. Rabon da in yi aikin rana hankali kwance haka har na manta.

Juma'a, 26 ga Satumba

Dole in rubuta wannan.

Da safe na ɗaga ƙarfen kamar kullum. Sai na ga barandar ta yi datti, na ce bari in wanke. In ƙarfen yana sama motar ba ta da nauyi, da hannu ɗaya na tura ta daga jikin bango inda take kwana, na kai ta bakin gangaren, na wanke wurin. Na bar ta a nan, hancinta yana kallon ƙasa. Wai sai ƙasa ta bushe in mai da ta. Na manta.

Mai ɗinki ta shigo aron dutsen guga. Da ta fita ta bar ƙofa a buɗe, Kwandasta ta shigo ta nan. Na je na tura ƙofar na sa sakata, na juyo. Juyowar da zan yi na ga ta yar da jakarta, ta yi tsalle ta faɗa cikin motar.

Motar ta motsa. Ba ƙarar inji, ba komai, sai ta sulale. Na ga ta ɗaga hannayenta biyu sama, ta saki komai, kamar yadda aka koya mata. Motar ba ta tsaya ba. Ta wuce ni, na kai hannu na kama iska, ta daki ƙofar ƙarfen. Ko bel ba ta kai ga ɗaurawa ba. Goshinta ya bugi sitiyari.

Jini har cikin idonta. Mai ɗinki ta ji ƙarar ta rugo, na buɗe mata, ta ɗauke ta tana danna wurin da gefen zaninta, tana ce mini in ɗauko mayafi mu tafi asibiti. Ni kuwa, Allah ya gani, kafin in ɗauko mayafin sai da hannuna ya je but ya mai da ƙarfen ƙasa. 'Yata na zubar da jini, ni ina ɓoye sawuna.

Ɗinki huɗu a saman gira. Likita ta ce idon lafiya.

A hanyar dawowa ne maganar Baba ta faɗo mini, ran da na turo shi daga kemis. Da muka iso ƙofa ya ce, "Tsaya, mai da shi ƙasa tukun. In yana sama ba birki, kada ki kuskura a kan gangare." Na ji shi da kunnena. Ni dai abin da na riƙe shi ne yana kashe keken.

Da ban sa sakatar nan ba. Minti ɗaya ne tsakani. Ba zan rubuta sauran ba.

Asabar, 27 ga Satumba

Tun da sassafe Maigida ya duƙufa a kan motar. Abu na farko da ya buɗe but ne, ya ga ƙarfen a ƙasa inda ya kamata. Ina tsaye a bayansa. Ya warware wayoyi ɗaya bayan ɗaya, ya gwada kowace da mitarsa ta gwajin wuta, ya ciro birkin ya duba ya mayar. Ya ɗora buhun yashi a kujera ya sake ta a gangaren. Ta tsaya cak. Ya sake, ta tsaya.

Ya ce, "Na taɓa wani abu da bai kamata ba, kuma na rasa ko mene ne." Ya ce, "Ke kika yi gaskiya tun farko. Ki yafe mini."

Na ce ba komai, tsautsayi ne. Da bakina na faɗi haka.

Litinin, 29 ga Satumba

Ta koma shiru, ya ma fi na da. Ba ta zuwa baranda, ta bayan randa take zagayawa don kada ta wuce kusa da motar.

Ina canza mata filasta ta ce a hankali, "Umma, na saki hannu fa." Na ce na sani. Ta ce, "Ko ban saki da kyau ba ne?" Na ce ta daina motsi in manna.

Maigida ba ya cin abinci sosai. Ya daina ce mini Insifeto.

Laraba, 1 ga Oktoba

Yayata ta zo dubiya. Ta zazzage wa Maigida, wai wane irin uba ne zai ɗora yarinya a kan tarkacen firji. Ya sunkuyar da kai yana cewa haka ne, Yaya. Ni ina zuba mata ruwa.

Alhamis, 2 ga Oktoba

Ya ce abin da ba a gano ciwonsa ba, ba a ɗora yaro a kai. Ya kira mai sayen ƙarafa, zai zo Asabar.

Abin da nake so ke nan tun farko, ko ba haka ba? To me ya sa ban ji daɗi ba?

Asabar, 4 ga Oktoba

Mai sayen ƙarafa ya zo da hantsi da amalankensa da guduma. Ya zagaya motar yana ƙwanƙwasa jikinta, ya ce kai, wanda ya yi wannan ya iya aiki, abin tausayi ne a farfasa. Maigida ya ce ya dai ɗauka.

Sai ga Kwandasta ta fito daga ɗaki. Ta cire zaren daga wuyanta, sai da ya kama kitsonta ta fizge, ta miƙa wa ubanta. Ta ce, "Abba, ka ba shi har da mukullin. Ni ban iya ba."

Ban san sa'ad da na ce, "Ni ce" ba. Suka juyo duka. Na ce ni na ɗaga ƙarfen, kwana huɗu ina ɗagawa, ni na tura ta bakin gangare, ni kuma na mai da shi kafin ka dawo. A gaban baƙo na faɗa, muryata kamar ta wata.

Maigida ya kalle ni. Ya juya ya ce wa mutumin, "Malam, yi haƙuri, mun wahalar da kai. An fasa." Mutumin ya ɗauki gudumarsa ya ce Allah ya kyauta, ya ja amalankensa da sauri kamar ana korarsa.

Na zaci zai yi faɗa, da ma ya yi. Ya zauna a bakin gangaren ya ce, "Kwana takwas ina ganin ni na kusa kashe 'yata. Kina kallona." Na ce tsoro na ji. Ya ce, "Tsoron ne ya sa kika ɗaga, wannan na gane. Shirun fa?" Na ce ya yafe mini. Ya ce, "Ba ni za ki fara da shi ba," ya nuna ta da haɓa. Ya tashi ya tafi shago, ranar da ba ya zuwa.

Lahadi, 5 ga Oktoba

Jiya ba ta gane duka ba. Yau na kama hannunta na kai ta bayan motar, na buɗe but na nuna mata. Na ce in wannan yana sama, ko wa ya saki hannu ba za ta tsaya ba, ko Kaka ne. Na ce ni na ɗaga shi don kada ta tafi ta bar ni ina jin tsoro, na kuma yi mata ƙarya na ce motar ta gaji.

Ta ce, "To na saki daidai ke nan?" Na ce daidai, ba wanda zai fi ta. Ta ce, "Umma, ke ce ba ki iya ba." Na ce ni ce.

Ta shafa filastarta, ta ce in ba ta mukullinta, yana kan firji.

Talata, 7 ga Oktoba

Yana gaishe ni, ina gaishe shi. Iyakarta ke nan.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Ya dawo da wuri da wani ɗan ƙarfe da mai walda ya lanƙwasa masa. Ya ɗaura shi a kan rawayan nan yadda ba zai ɗagu ba, ya sa ƙaramin kwaɗo. Sai ya kira ni, ya ɗora buhun yashi a kujera, ya ce ni zan gwada. Na matsa totur ina tafe a gefe, a tsakiyar gangaren na saki. Cak. Ya ce in sake. Sau goma sha ɗaya na yi, bai ce ya isa ba sai da ni na gaji.

Ya miƙo mini mukullin kwaɗon. Na ce ni? Ya ce, "Duk gidan nan yanzu wa ya fi ki sanin abin da ƙarfen nan yake yi? Riƙe, Insifeto."

Na juya na shiga kicin. Albasa nake yankawa, in ma wani ya tambaya.

Asabar, 11 ga Oktoba

Ta hau. Ta ɗaura bel da kanta. Ta matsa ta saki, ta matsa ta saki, ta fi sau ashirin kafin ta yarda ta zagaya randa. Ban riƙe but ba, hannuna dai yana kusa.

Asabar, 18 ga Oktoba

An cire zaren ɗinkin tun makon jiya, tabon ɗan siriri ne, gira za ta rufe shi.

Yau sun je kanti. Ta gefen hagu, ba ta wajen titi ba, ubanta yana tafe a gefenta hannu a aljihu. Kafin su fita ta yi ƙorafi wai tururuwa ma na wuce ta. Ina goge sitiyarin ne da tsumma, abin murɗawar nan ya ɗan gota daga kan kunkuru. Kaɗan ne, ko faɗin farce bai kai ba. Maigida ya gani, ya kalli sama.

Ban bi su ba, shinkafa ce a wuta. Na dai tsaya a bakin ƙofa ina jin hon ɗinta har ya yi nisa, daga nan na koma ciki don kada ta kama. Sai da na ji "A ba mu hanya!" a tsakar gida na san sun dawo.

Ta kawo mini alewa ɗaya. Ta ce gobe in ina so in zama kwandastarta, amma ban da riƙe but. Na ce sai na duba ayyukana.